Taron jin ra'ayi kan bakin ruwan Toronto: in je, ko in kama sana'ata?

Baban Ikram ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga ni shan sanyin ƙasashen nan, musamman 'yan Toronto.

Ni direban motar kwaɓa kankare ne, shekara shida ke nan. Yadin da muke lodi yana Port Lands, gabas da tsakiyar gari, inda Kogin Don yake faɗawa Tafkin Ontario. Wanda bai san wurin ba, fili ne shimfiɗaɗɗe: rumbunan siminti, tulin gishirin da ake watsawa a titi lokacin dusar ƙanƙara, manyan ɗakunan shirya fina-finai, sai tsohuwar tashar wutar Hearn da dogon bututun hayaƙinta da ake hangowa daga nesa. Biyar na asuba nake barin gida a Thorncliffe Park, kafin shida ina kan layi.

Lokacin da na fara aiki, in ka bi Cherry Street babu abin da za ka gani sai ƙura da shingen waya. Yanzu an haƙa wa kogin sabuwar hanya, an kafa gadoji masu launin ja da rawaya da ruwan lemo, an dasa itatuwa, yara suna wasa a inda da muke juya mota. Gaskiya wurin ya yi kyau, ban musa ba. Abin da ke hana ni barci shi ne maganar dubban gidajen da za a gina. Na san halin mai kondo, wato mai sayen gida a dogon bene. Yau ya tare, gobe ya ce ƙarar motarka ta dame shi, jibi a ce yadinku ya koma bayan gari. Kuma kankare ba tuwo ba ne da za a ɗumama: daga lokacin da aka kwaɓa, kimanin awa biyu gare ka ka juye shi. In aka kai mu can nesa, a cunkoson garin nan, rabin lokacin a hanya zai ƙare.

To, makon jiya aka liƙa takarda a allon sanarwar wurin aikinmu, wai za a yi taron jin ra'ayin jama'a daren Laraba kan fasalin titunan sabuwar unguwar. Abokin aikina, wani dattijo ɗan Jamaika, ya karanta ya yi dariya, ya ce an gama zane tuntuni, 'yan amshi kawai ake nema. Maman Ikram kuwa ta tsaya kai da fata sai na je. Ni kuma ga gajiya, ga Turancina da in na ɗaga murya sai an ce in maimaita.

Tambayata: irin wannan taro ana sauraro da gaske, ko kuwa ɓata dare ne? Akwai wanda ya taɓa zuwa ya ga an canja ko da layi ɗaya a zane saboda maganar talaka?

Malam Sule E16 ya rubuta:

Wa'alaikumus salam Baban Ikram. Dattijon nan naku ba ƙarya ya yi ba. Ni a Canning Town nake, gefen Royal Docks a gabashin Landan, kuma abin da kake tsoro mu nan ya riga ya faru tun kafin in zo. Tsofaffin maƙwabtana, waɗanda iyayensu 'yan dako ne a tasha, su suka ba ni labari, sauran kuma na karanta.

Tashoshin jiragen ruwan Landan sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya daga 1967 zuwa 1981, saboda kwantena ta zo, manyan jirage suka koma sauke kaya a Tilbury can ƙasan Kogin Thames. Dubban magidanta suka wayi gari babu aiki. A 1981 gwamnatin Margaret Thatcher, ta hannun ministanta Michael Heseltine, ta kafa hukumar raya yankin da ake kira LDDC. Ka lura da wannan: ba zaɓen shugabanninta aka yi ba, naɗa su aka yi, kuma aka karɓe ikon ba da izinin gini daga hannun ƙananan hukumomin Tower Hamlets da Newham da Southwark aka damƙa mata. Wato kansilan da ka zaɓa ya zama ɗan kallo.

Kada ka ɗauka mutanen unguwa sun kwanta. A 1983 mutanen Newham suka zauna suka rubuta nasu tsarin na Royal Docks, da gidajen haya masu lambu, da wuraren renon yara, da sana'o'in da suka iya, a maimakon filin jirgin saman da ake son ginawa. Sun cika jiragen ruwa sun bi kogi har gaban majalisa suna zanga-zanga. A wani bikin ƙaddamar da aikin Canary Wharf ma, tumaki da ƙudan zuma suka saki a cikin manyan baƙi. Duk da haka a 1987 aka buɗe filin jirgin, yana nan, ina jin tashin jirage daga kicin ɗina. A 1991 aka gama dogon benen One Canada Square. Abin dariya, kamfanin da ya gina shi, Olympia & York, na garinku ne, Toronto, kuma a 1992 ya karye.

Yau in ka je Canary Wharf ka ga bankuna da gilasai sai ka riƙe baki. Ka yi tafiyar minti goma a ƙafa zuwa Poplar ka ga yadda mutane ke rayuwa, sannan ka gaya mini wa aka raya wa wurin. Ayyukan da suka zo ba na ɗan dako ba ne. Ɗansa, in ya yi sa'a, shi ne mai gadi ko mai goge-goge.

Don kada a ce na ɓoye, akwai wuri ɗaya da na sani inda jama'a suka ci: Coin Street, kusa da Waterloo. Eka 13 ne na tsofaffin ɗakunan ajiya a bakin kogi. Shekara bakwai mazauna suna fafatawa da masu son gina ofisoshi, har a 1984 majalisar birnin Landan ta lokacin ta sayar wa ƙungiyar mazaunan filin a kan fam miliyan 1. Suka gina gidajen haɗin gwiwa, suka gyara Oxo Tower, suka buɗe hanyar bakin kogi ga kowa. Amma duba bambancin: su filin suka mallaka. Ba takarda mai gam aka ba su suka liƙa a allo ba. In ba ka da fili, ba ka da ƙuri'ar da ake tsoro, to je ka sha shayin da za su raba ka dawo gida.

Ɗan Kakuri ya rubuta:

Ku da ake ma kiranku taro! Mu nan Kaduna masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, sauran suka bi ta, gine-ginen suna nan ciyawa ta cinye. Mahaifina a can ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Magudanun Kakuri da Makera da suka yi shekaru suna kai ruwan rini Kogin Kaduna ba wanda ya taɓa tara mu ya ce me kuke so a yi da su. Mu sanarwarmu jan fenti ne a jikin bango. Baban Ikram, ko don ka ba mu labarin yadda ake yi, ka je.

Goggo Asabe ta rubuta:

Ɗana Baban Ikram, sannu da aiki. Ikram ce ta nuna wa jikata wannan rubutu a makarantar Asabar, shi ya sa na sa aka buɗe mini. Ka yi haƙuri, zan yi tsawo.

Ni tun 2003 nake garin nan, aikina kula da tsofaffi, gidana kuma a unguwar St. Lawrence, gidan haɗin gwiwa. Ka san me ya sa na fara da wannan? Unguwar nan da nake ciki, da filin masana'antu da layukan dogo ce. A shekarun 1970, zamanin magajin gari David Crombie, aka gina ta da gangan a cakuɗe: mai kuɗi, mai matsakaicin hali, da irinmu, duk titi ɗaya. Ba don haka ba, da albashina ko bayan gida ba zan iya kamawa a nan ba. Wasu mutane ne da ban taɓa gani ba suka zauna a taruka irin wanda kake raina wa, ni kuma na zo na tarar da inuwa.

Malam Sule ya faɗi gaskiyar Landan, amma Toronto ba a naɗa mata hukuma a kan kansiloli haka ba. Hukumar raya bakin ruwa, Waterfront Toronto, da aka kafa a 2001 ta gwamnatoci uku ce, tarayya da lardin Ontario da birni, kowacce ta yi alkawarin dala miliyan 500, kuma manyan tsare-tsare sai sun bi ta majalisar birni. Nan ne ƙofar take.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. A 2011, lokacin Rob Ford yana magajin gari, ɗan'uwansa Doug Ford yana kansila. Sai ga shi ya fito da nasa mafarkin a kan Port Lands ɗin nan da kake aiki: a ajiye tsarin da aka yi shekaru ana tattaunawa, a kawo ƙaton kantin zamani, da jirgi mai tafiya a kan dogo ɗaya a sama, da shirgegen lilo mai juyawa irin na Landan. Maƙwabciyata, wata tsohuwar malamar makaranta, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce Asabe sa takalminki. Ni a lokacin ban san ma me ake cewa Port Lands ba. Mutane suka haɗu da sunan CodeBlueTO, aka yi ta buga wa kansiloli waya, aka yi ta rubuta wasiƙu, masana tsarin birane da malaman jami'a suka sa hannu a takarda. Cikin 'yan makonni kansilolin da ke bayan magajin gari suka fara zamewa ɗaya ɗaya. A watan Satumba majalisa ta kaɗa ƙuri'a baki ɗaya, aka bar aikin a hannun Waterfront Toronto. Lilo ya bi ruwa. Da an yi shiru, inda yaran nan suke wasa yau filin ajiye motoci ne.

Kogin kansa ma, da kake ganin an haƙa masa hanya, ba daga ofis tunanin ya fito ba. Wurin nan asalinsa fadama ce babba, Ashbridge's Bay, aka cike ta da ƙasa sama da shekara ɗari da suka wuce don a samu filin masana'antu, aka tilasta wa kogi ya yi kwana mai kaifi ya bi ta magudanar kankare ta Keating. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Guguwar Hazel ta 1954 ta kashe mutum 81 a yankin nan, tun daga nan aka san in irinta ta sake zuwa ta kan Don, gabashin gari zai sha ruwa. Kogin ya ƙazantu har a 1969 wasu matasa suka yi masa jana'iza, da makoki da komai. A 1989 mutanen gari suka kafa kwamitin dawo da Don, su ne suka dinga cewa a mayar wa kogi bakinsa. Aka ce mafarki suke. A 2007 aka yi gasar zane, kamfanin Michael Van Valkenburgh ya ci. Kuɗi bai fito ba sai 2017, dala biliyan 1.25. Ruwa bai bi sabuwar hanyar har tafki ba sai 2024. Ka lissafa daga 1989. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara maganar ba su ga ranar ba, Allah Ya sa mu cika da imani.

Wani abu da ya taɓa ni: da ana haƙar, sai ga ciyayin fadama sun tsiro daga ƙasar da aka tono, irin da ya kwana a binne fiye da shekara ɗari. Na gaya wa tsohuwar da nake kula da ita a lokacin, ta ce a kai ta ta gani. Ba a samu kai ta ba.

Na biyu shi ne na Sidewalk Labs, 'yar'uwar Google. A 2017 aka ba su damar tsara Quayside, wani fili a bakin ruwa, eka 12. Suka zo da hotuna masu ɗaukar ido: benaye na katako, titin da ke narkar da ƙanƙara da kansa, na'urori ko'ina suna ƙirga motsin mutane. Na je taronsu, an karɓe mu hannu bibbiyu. Amma duk wanda ya tambayi wa zai mallaki bayanan da na'urorin za su tara, sai a yi ta zagaye da shi. Ann Cavoukian, wadda ta taɓa riƙe ofishin kare sirrin jama'a na Ontario, ta ajiye aikin ba su shawara a 2018. A 2019 suka fito da kundi mai shafi sama da 1,500, sai ga shi idonsu yana kan eka 190, har cikin Port Lands. Jama'a suka ce a'a, aka mayar da su kan eka 12 ɗinsu, a watan Mayun 2020 suka tattara suka tafi, suka ce annoba ce ta rikita lissafi. To, mu dai mun san abin da muka gani.

Kada ka ce Goggo ta shafa maka zuma a baki. Akwai inda aka yi ihu har murya ta dushe ba a ji ba. Doug Ford ɗin nan dai shi ne ya zama firimiyan Ontario, kuma a Ontario Place, wurin shaƙatawa a bakin tafki, da yake filin lardi ne, an ba wa kamfanin wurin wanka na Therme haya ta shekara 95, aka yi doka ta musamman, aka sare ɗaruruwan itatuwa a 2024 mutane suna kallo. Inda majalisar birni ba ta da iko, taro ba ya cizo. A nan na yarda da Malam Sule.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne wannan. Sama da shekara goma ina zuwa tarukan nan, fuskokin ba sa canjawa: masu furfura, masu gidan kansu, waɗanda suka yi ritaya, masu keke. Mutanen kirki ne, amma abin da ya dame su shi suke faɗa: tsuntsaye, inuwar bene, hanyar keke. Shi ya sa wuraren shaƙatawa suka yi kyau haka. Maganar haya da maganar aikin hannu kuwa kullum a ƙarshen takarda, don masu ita suna kan aiki ko sun gaji sun yi barci. Ban taɓa ganin direban babbar mota ya miƙe a taro ba, ko sau ɗaya. Mai zanen nan yarinya ce ko yaro da ya yi karatu mai kyau, amma bai taɓa zama a kujerarka ya ga abin da madubi ke ɓoyewa ba. Tun ran gini tun ran zane, ɗana. In an zuba kankaren gefen titi, kai ka fi ni sanin ba ya tashi.

Zancen Turanci kuma ka bar shi. Rabin garin nan a wata ƙasa aka haife su. In sun ce ka maimaita, ka maimaita.

Zainab Tsarin Birane ta rubuta:

Kawu, ina shekarar ƙarshe a karatun tsarin birane a nan, bari in ƙara kaɗan a kan na Goggo.

Taron iri biyu ne, kada ka haɗa su. Wanda aka liƙa muku, da alama irin na alluna ne: a jera zane a bango, ma'aikata su tsaya a gefe, a ba ka takarda ka rubuta. Wannan ba a yanke hukunci a cikinsa, amma duk abin da aka rubuta ana tattarawa a rahoto. Na biyun shi ne zaman kwamitin majalisa a City Hall, inda kake rajista a ba ka minti biyar a gaban kansiloli, maganarka ta shiga kundin zaman. Na farko yana gyara zane, na biyu yana taɓa ƙuri'a.

Sannan ba da hannu wofi za ka je ba. Tsarin Port Lands da majalisa ta amince da shi a 2017 ya ware sassa, musamman gabashi da kudancin babbar mashigar jiragen, don tasha da masana'antu su ci gaba da aiki. Don haka ba roƙo za ka yi a bar ku ba. Tambaya za ka yi: ta wace hanya manyan motoci za su riƙa fita, kuma wa zai ɗauki nauyin kare sababbin gidaje daga ƙara da ƙura? Akwai misali a kusa. Matatar sukari ta Redpath tana Queens Quay tun 1959, har yau jirage suna sauke mata ɗanyen sukari, ga wurin shaƙatawa na Sugar Beach da laimominsa masu ruwan hoda a gefenta tun 2010, ga benaye sun kewaye ta. Ba ta tashi ba, domin an sa masu gina benayen su tsara su yadda ƙarar ba za ta dami mazauna ba. Wanda ya zo daga baya shi ya ɗauki nauyi. Ka ambaci wannan, za su gane ka san abin da kake faɗa.

In ka ce "ba na son wannan aiki", za a rubuta a ajiye. In ka ɗora yatsa a mahaɗa kaza ka ce motata ba za ta iya wannan kwanar ba sai ta hau hanyar keke, dole injiniya ya koma ya auna. Kuma in an ce maka gidaje "masu sauƙi", ka tambaya: dala nawa a wata, ɗaki nawa, na shekara nawa? Ka tambayi maganar jirgin ƙasa na cikin gari ma. A Cherry Street an kafa masa gadarsa daban tun kafin a shimfiɗa dogo, kuma in mutane suka tare babu shi, motocinsu ne za su cika titin da kuke bi.

Baban Ikram ya rubuta:

Jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri. Na je. Na ja dattijon nan ɗan Jamaika da wani yaro ɗan Habasha da muke aiki tare, da kayan aikinmu muka shiga, ko wanka ban samu yi ba. Goggo, yadda kika faɗa haka na tarar: muna shiga aka juyo ana kallon rigunanmu masu ƙyalli kamar mun zo gyaran famfo.

Malam Sule, shayin yana nan, har da biskit.

Na yi kusan rabin awa ina zagaya allunan ban ce uffan ba. Hotunan duk rana ce ta bazara, mata da kekunan jarirai, ba ko babbar mota ɗaya, ka ce da iska za a gina gidajen. Na fita na yi Magariba a ƙarƙashin matakala, na dawo, sai na ga mahaɗar da nake bi sau takwas ko goma a rana. Sun matse kwanar, sun sa hanyar keke ta ratsa daidai inda nake karyawa dama. Na kira wani saurayi mai ɗauke da suna a ƙirji na ce masa, motata in ta cika ta haura tan 30, kuma daga kujerata duk wanda ya tsaya nan, na nuna masa, ba na ganinsa ko kaɗan. Ya ce ai sun gwada da kwamfuta. Na ce wace irin mota kuka sa wa kwamfutar? Ya duba takardunsa, ya yi shiru, ya kira wata babbarsa. Dattijon namu da ya ce ɓata lokaci ne, shi ya karɓe biro ya zana musu yadda ƙafafun baya ke yanko kwana. Sai da na ja shi muka matsa, ya ƙi ba su biron.

Wata tsohuwa mai hular keke ta same ni ta ce motocinmu ne suke cika mata baranda da ƙura. Na ce Hajiya, barandar da me aka zuba ta? Ta yi dariya. Muka daɗe muna magana, ashe ƙawarta babbar mota ce ta taɓa bankewa a kan keke. A ƙarshe tare muka rubuta takarda ɗaya: a raba lokacin fitilar keke da na masu karyawa dama.

Maganar haya kuwa ban samo komai ba. Na yi tambayoyin Zainab guda uku, aka ce wannan ba taron gidaje ba ne, na tituna ne, in duba intanet. Na fita da haushin wannan.

Shekaranjiya suka turo rahoton taron ta imel, shafi goma sha huɗu. Ikram ta taya ni nema. A shafi na tara akwai layi biyu: direbobin manyan motoci sun nuna damuwa kan kwana da wuraren da ba sa gani, za a sake duba mahaɗar. Ko za su gyara, Allah masani. Dattijon ya sa an buga masa shafin ya liƙa a allon wurin aiki, a kan tsohuwar sanarwar.

An ce maganar za ta je kwamiti wata mai zuwa, da safe. Na roƙi a musanya mini aikin ranar. Goggo, ta wace ƙofa ake shiga, kuma mutum zai iya karantawa daga takarda?

Goggo Asabe ta rubuta:

Ta babbar ƙofar da ke fuskantar dandalin, ɓangaren Queen Street. Akwai bincike a bakin shiga, ka bar wuƙar aikinka a mota. Ɗakunan kwamiti suna hawa na biyu. Ka karanta daga takarda, kowa haka yake yi, amma ka gwada a gida da agogo, don minti biyar ɗin nan ba sa ƙara ko daƙiƙa. Wani lokaci sai bayan Azahar ake kiran mutum, ka taho da abin taɓawa. Ranar ina hutu, zan riƙe maka kujera. Ka zo da dattijon da bironsa, kuma ka sa tambayar hayar a farkon takardar, kada lokaci ya cinye ta.